Me Ya Sa Na Fi Ma'aikatana Saurin Gama Aiki?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin shara da goge-goge, muna bin gidaje da ƙananan ofisoshi. A da ni kaɗai nake yi, yanzu na ɗauki ma'aikata huɗu ina biyansu da awa. Gidan da nake gamawa cikin awa uku, su sai sun ci awa huɗu da rabi, wani lokaci ma sai na koma na gyara abin da suka bari. Shin lalaci ne, ko haka ma'aikata suke? Yaya zan yi su kamo ni?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kike gani gaskiya ne, kuma kusan duk wanda ya fara wannan sana'a da hannunsa sannan ya ɗauki mutane ya ci karo da shi. Zan fara da ɓangaren da ba lallai ya yi miki daɗi ba: ba za su kamo ki ba. Tazarar tana raguwa, sosai ma, amma ba ta ɓacewa. Muddin kuma saurinki ne ma'aunin da kike yanka wa kwastoma kuɗin aiki da shi, ribar kamfanin za ta riƙa tsiyayewa ba tare da kin ga ta inda take fita ba. Don haka kafin a yi maganar lalaci, bari mu bi wannan awa ɗaya da rabi mu ga inda take shiga, domin ruwa ba ya tsami banza.

Kaso mafi girma yana cikin kanki ne. Ki tuna yadda kike shiga gidan da kika daɗe kina yi. Ba kya tsayawa tunani. Kin san famfon banɗakin baya yana tara farin dattin ruwa, don haka da shigarki za ki fesa masa sinadari ki wuce ki cire zannuwan gado, kafin ki dawo ya jiƙa, shafa ɗaya ya fita. Kin san matar gidan ba ta damu da ɗakin ajiya ba, amma da ta dawo madubi za ta fara dubawa, sannan ta shafa yatsa a saman firji. Kin san wace ƙofa ce ke maƙalewa, da inda soket ɗin da ke aiki yake. Duk wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba. Yanzu ki dubi ma'aikaciyarki a gidan nan ɗaya. Ta iso gaban tebur cike da takardu, tsumma a hannu, ta tsaya: ta ɗaga su ta goge, ko ta bar su yadda suke? Ga wani kwanon gilashi na ado a kan kanta, idan ya suɓuce wa zai biya? Ga zobe an manta a bakin wurin wanke hannu, ta matsar da shi a ce ta taɓa, ko ta goge ta gefensa? Kowace irin wannan tsayawa ba ta wuce rabin minti ba, amma a gida ɗaya ana iya yin ta sau da dama, ga kuma taka-tsantsan da ke rage wa hannu gudu. Mutumin da ke aiki a gidan da ba nasa ba, da sunan kamfanin da ba nasa ba, yana tafe ne da tsoron ɓarna da tsoron zargi, kuma tsoro yana cin lokaci.

Akwai kuma ikon yanke shawara, wanda masu kamfani ba su cika lura suna da shi ba. Ke idan kin ga ɗakin baƙi ba wanda ya shiga tun zuwanki na baya, za ki kaɗe ƙura sama-sama ki fita cikin minti biyar, ba mai tuhumarki. Ita ba ta da wannan izini. Ko dai ta yi wa kowane ɗaki cikakken aiki, ta ɓata lokaci a inda bai kamata ba, ko ta yi ƙoƙarin kwaikwayonki ta tsallake wani abu, sai a yi rashin sa'a ya zama shi ne wanda kwastoma ya fi damuwa da shi. Nan ne sau da yawa ake samun abin da kika ce kina komawa gyarawa.

Sai maganar jiki. Ke kan yi gida ɗaya ko biyu da dukkan ƙarfinki, sannan ki koma amsa waya, sayen kayan aiki da lissafi. Su ma aiki ne, amma bayanki yana hutawa. Ma'aikaciya kuwa sunkuyo ne da miƙa hannu da jan injin zuƙar ƙura daga safe zuwa yamma, yau da gobe da jibi. Ciwon baya, ciwon kafaɗa da na wuyan hannu sanannun abubuwa ne a wannan sana'a. Duk wanda ya san gida uku ke jiransa yau, wasu uku gobe, zai raba ƙarfinsa ya ishe shi mako. Wannan hankali ne, kuma da ke ma za ki yi cikakken mako kina bin jadawalinsu gida bayan gida, za ki ga awa ukun nan ta fara miƙewa tun kafin a kai ƙarshensa.

Ki binciki agogon ma. Mai kamfani yakan tuna ranar da aiki ya fi yi masa gudu ya mai da ita mizani, kuma yakan fara ƙirga daga lokacin da tsumma ya taɓa tebur. Awannin ma'aikaci kuwa sun haɗa da sauke kaya daga mota, neman makulli, jiran mai gida ya fito daga ɗaki, kwashe shara, da mayar da kaya.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin a nan ne zancen ya fi nauyi. Idan kika gama gida cikin awa uku maimakon huɗu, awar da ta ragu taki ce, ko ki kama wani aiki ko ki huta, kuɗin gidan kuma bai ragu ba. Idan ma'aikaciyar da ake biya da awa ta gama da wuri, me ta samu? Ko dai kuɗinta na ranar ya ragu, ko a ƙara mata wani gida a kan kuɗin da ba su canza ba. Tsarin biyan da kanki kika kafa yana hukunta mai sauri. Ba sai mutum yana da mugun hali zai gane wannan lissafi ba, jiki ma da kansa yana ganewa. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan. Tun 1776 Adam Smith ya lura cewa masu kula da dukiyar wasu ba sa sa mata ido kamar yadda mai ita zai sa. A zamaninmu kuma akwai binciken da Edward Lazear ya wallafa a 2000 a kan kamfanin Safelite na Amurka, masu sa gilashin mota. A tsakanin 1994 da 1995 kamfanin ya sauya daga biyan awa zuwa biyan kowane gilashi da aka sa, sai yawan aikin da kowane ma'aikaci ke fitarwa ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin 100. Abin lura shi ne kusan rabin wannan ƙari ne kawai ya fito daga tsofaffin ma'aikata da suka ƙara himma. Sauran ya samu ne saboda sabon tsarin ya jawo masu ƙwazo ya kuma riƙe su, marasa kuzari suka riƙa zamewa.

Da jin haka wasu sai su yi wuf su koma biyan jinga, kowane gida da kuɗinsa. Ina roƙonki ki yi hattara a nan. Gilashin mota abu ne mai sauƙin ƙirgawa, idan kuma ya yi yoyo an san wanda ya sa shi. Tsafta ba haka take ba. Rabin ingancinta a ɓoye yake: ƙarƙashin gado, bayan masai, saman ƙyauren ƙofa, cikin kwandon shara bayan an cire leda. A 1991 masana tattalin arziki Bengt Holmström da Paul Milgrom sun yi bayanin wannan matsala: idan aiki yana da fuska biyu, ɗaya ana iya aunawa ɗaya ba a iyawa, kika ɗora lada a kan wadda ake aunawa kaɗai, ɗayar za ta sha wuya. A sana'armu wadda ake aunawa ita ce lokaci. Ki ɗauki maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowanne yana da lokacin da ake so ya zauna a jiƙe a kan wuri kafin a goge, a jikin kwalba ake rubuta shi, wasu har minti 10. Mai gaggawa zai fesa ya goge nan take, wurin ya yi ƙyalli, ƙwayoyin cutar suna nan daram, ba kuma wanda zai gani da ido. Mafi muni, gaggawa ce ke sa wani ya zuba bilic a kan sinadarin wanke masai mai asid don dattin ya fita da wuri, alhali haɗin nan yana fitar da iskar kilorin mai ƙona huhu, a cikin ƙaramin banɗaki da ƙofa a rufe. Duk tsarin biyan da zai tura mutum ga wannan bai cancanci ribar da zai kawo ba.

Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a haɗa biyun. A sa wa kowane gida lokacin da ya dace da shi, a biya ma'aikaciya kuɗin wannan lokaci ko da ta gama kafin ya cika, don saurinta ya zama nata. Sannan a ware wani ƙari da ba a samunsa sai idan wata ya wuce ba ƙorafi daga kwastomominta, kuma binciken ba-zata da kika yi bai nuna ha'inci ba. Ta haka mai sauri ta ci riba, mai aikin ganin ido ta yi asara. Sai dai ki duba dokar ƙwadago ta inda kike kafin ki sauya komai. A ƙasashe da dama biyan jinga ba ya ɗauke wa mai kamfani wajibcin cika mafi ƙarancin albashi, kuma a Amurka da Ingila, alal misali, lokacin tafiya daga wurin wani kwastoma zuwa na gaba ana lissafa shi cikin lokacin aiki.

Ba ki faɗi ko bibbiyu kike tura su ba, amma idan haka ne, kada ki sa ran mutum biyu za su raba lokaci gida biyu daidai. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya nuna tun 1913 cewa idan mutane suna jan igiya tare, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa yana raguwa yayin da yawansu ke ƙaruwa. A cikin gida abin yana bayyana ta hanyoyi masu sauƙi: hira, jiran injin da ke hannun ɗaya, kowa ya ɗauka ɗayan ya goge taga. Ga kuma hanya, tafiyar rabin awa ga mutum biyu awa guda ce ta albashi. Maganin shi ne rabo bayyananne: ɗaya ta ɗauki wuraren ruwa, wato kicin da banɗaki, ɗaya ta ɗauki ƙura da ƙasa, sannan a riƙa musanyawa don kada nauyin banɗaki ya zauna a wuyan mutum ɗaya. A ƙananan gidaje ma sau da yawa mutum ɗaya ya fi riba.

To, ta ina za a rage tazarar? Ki fara da fitar da abin da ke kanki zuwa takarda. Kowane gida ya samu katinsa: yadda ake shiga, abin da mai gida ya fi dubawa, abin da ba a taɓawa, ɗakin da ake yi sama-sama sai an ga alamar an yi amfani da shi, irin sinadarin da ya dace da tayal ɗin gidan da wanda zai ɓata shi. Wannan kati kaɗai yana kashe yawancin tsaye-tsayen da na ambata, domin ya ba ta izinin da ke kike da shi.

Sannan ki koyar da tsari guda, kowa ya bi shi har ya zama jiki. Daga sama zuwa ƙasa, don kada ƙurar fanka ta sauko kan teburin da aka riga aka goge. Busasshen aiki kafin na ruwa. A fara daga ƙofa a zagaye ɗaki ta ɓangare ɗaya har a dawo ƙofa, kada a riƙa tsallake-tsallake. A fesa banɗaki tun farko a bar sinadari ya yi aikinsa. Kayan aiki su kasance a jiki ko cikin kwando ɗaya da ake tafe da shi, domin komawa mota ko kicin ɗauko abin da aka manta na cikin manyan ɓarayin lokaci. Tsummoki su kasance masu launi daban-daban, ja na masai kaɗai kamar yadda aka saba a sana'ar, don kada a tsaya tunanin wanne ne na ina, kuma kada na banɗaki ya je kicin. Koyarwar nan ba ta yiwuwa da baki. Ki shiga gida tare da ita, ranar farko ke ki yi tana kallo kina faɗin dalilin kowane mataki, rana ta biyu ita ta yi kina kallo ba tare da kin karɓe tsumman daga hannunta ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yi wa masu kamfani wuya. Ki kuma tabbata kayan da kike ba su sun kai naki kyau. Ba daidai ba ne mai kamfani ta riƙe injin da ya fi ƙarfi ta ba ma'aikata tsohon da ke toshewa, sannan ta kwatanta lokacinsu da nata.

Game da lokacin da za ki sa wa kowane gida, daga ma'aikatanki za ki samo shi. Ki ɗauki makonni kina rubuta lokacin shiga da na fita na kowa a kowane gida, ki duba abin da ƙwararriya a cikinsu ke yi cikin natsuwa, aiki mai kyau, ba tare da ta galabaita ba. Wannan ne mizaninki. Idan kina yin ofisoshi, ƙungiyar masu sana'ar tsafta ta ISSA tana wallafa jadawalin lokutan da ɗaruruwan ayyukan tsafta ke ɗauka gwargwadon faɗin wuri da irin kayan aiki. Yana da amfani wajen kwatantawa, ko da yake gidan zama ya fi ofis yawan tarkace da bambanci.

Daga nan sai ki gyara kuɗin da kike caja, kuma wannan shi ne abin da ya fi gaggawa. Ki bi lissafin da alƙalumanki. Kin yanka kuɗi a kan awa uku, ana cin huɗu da rabi, ke nan kuɗin ƙwadago ya haura abin da kika tsara da kashi 50 cikin 100. A ce horo da kati sun sauko da shi zuwa awa uku da minti 45, har yanzu da sauran kashi 25 a sama. Ki ƙara da wannan: idan kina biyan awa takwas a rana amma shida ne kawai ake yi a cikin gidajen kwastomomi, sauran sun tafi a hanya da shirya kaya, to kowace awa da kike cajin kwastoma tana ɗauke da albashin awa ɗaya da minti 20. Lokacin da kike ke kaɗai ba ki ji wannan ba, domin ba ki taɓa biyan kanki kuɗin hanya, ko na wanke tsummoki da dare ba. Sababbin kwastomomi ki fara yi musu sabon lissafi tun yau. Tsofaffi kuma ki ba su sanarwa da wuri, ki ɗaga a hankali. Wasu za su tafi, kuma galibi su ne waɗanda dama faɗuwa kike yi a kansu.

Kada ki raina tsadar sauya ma'aikata. Sabon ma'aikaci yakan ɗauki makonni kafin hannunsa ya faɗa, ya kuma san gidajen. Kamfanin da mutane ke shiga suna fita kullum cike yake da masu koyo, don haka kullum aikinsa a hankali yake tafiya. Henry Ford ya ga haka a masana'antarsa ta motoci: a 1913 sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 don ya riƙe guraben aiki kimanin 14,000, shi ya sa a farkon 1914 ya ninka albashin yini. Ba ina cewa ki ninka albashi ba. Ina cewa ma'aikaciyar da ta shekara tare da ke, ta san gidaje, kwastomomi sun amince da ita da makullansu, ta fi ƙarfin ɗan bambancin da ke tsakanin albashinta da na sabuwa. Ki bar kowa a kan gidajensa gwargwadon iko, ki biya a kan lokaci, ki ba da jadawali da wuri.

Duk da haka, akwai malalata, ba zan ɓoye miki ba. Hanyar gane su ita ce ki kwatanta ma'aikaci da ma'aikaci, a gida ɗaya, bayan kowa ya samu horo ɗaya da kaya iri ɗaya. Idan uku suna gama wani gida cikin kusan lokaci ɗaya, ta huɗu kullum tana ƙara awa guda, to ki bi ta ki gani da idonki. Wani lokaci za ki tarar tsananin son gyara ne, tana tsayawa goge abin da ya riga ya fita, wannan kuwa da nuni kaɗan take gyaruwa, kuma irinta ce ake ba aikin tsaftar farko ko ta gidan da aka tashi daga ciki. Wani lokaci ciwo ne take ɓoyewa don tsoron rasa aiki. Amma idan jinkiri ya haɗu da aiki maras kyau, lokaci ya tafi kuma bayan masai bai ga tsumma ba, kuma idan kina nan sai aikin ya yi gudu, wannan ha'inci ne. Ki zaunar da ita ku biyu, ki nuna mata alƙaluma, ki faɗi abin da kike son gani da lokacin da kika ba ta. Idan wa'adin ya cika ba sauyi, ku rabu cikin mutunci bisa ƙa'ida, domin ci gaba da riƙe ta zalunci ne ga sauran ukun da ke ganin ana biyansu daidai da ita.

Batun komawa gyara kuma, ki daina yinsa a ɓoye. Duk sanda kika shiga bayan ma'aikaciya kika goge abin da ta bari ba tare da ta sani ba, ita ba ta koyi komai ba, ke kuma kin yi aikin da ba wanda zai biya ki, a lokacin da ya kamata kina neman sabon kwastoma ko horar da wata. Ki ɗauki hoton wurin, ki nuna mata a ranar, idan da hali ku koma tare ta gyara da hannunta kina tsaye. Idan abu ɗaya ne ake yawan mantawa a wani gida, ki ƙara shi a katin gidan, zuwa na gaba kuma ki fara bincikenki daga nan.